Yadda Ake Rainon Bogenbiliya Idan Maƙwabcinka Na Kiwon Awaki

Na ɗaya, ka samo reshe mai ƙwari, tsawon kamu guda, ka dasa a leda da farkon damina. Ranar mayar da shi ƙasa, tsaga ledar da reza. Kada ka zaro shi, domin saiwar siririya ce kamar gashi, tana girgiza ganye zai zube.

Na biyu, rana, aƙalla awa 6. Wannan a Kano ba sai ka nema ba.

Na uku, ruwa, kuma a nan raina ya fara ɓaci. Bogenbiliya ba ta ado sai ta ji ƙishi, shi ya sa lokacin hunturu ake ganin katangu sun yi ja jawur. Jan nan ma ganye ne da ya rikiɗe, furen ɗan fari ne mitsitsi a tsakiya. Ka cika mata ruwa da taki, sai ta yi ta tofo kore shar, ko ɗigon ja babu. Na tara mutanen gida na yi musu wannan bayani. Washegari na tarar da Gwaggo tana juye ruwan wankin shinkafa a gindinta.

"Gwaggo, don Allah a bar ta, ƙishin take so."

"Haba ɗan nan, ita ta faɗa maka? Abu mai rai ka hana shi ruwa, ba ka tsoron Allah?"

Tun daga ranar ruwan alwala nan, na wanke-wanke nan, har yara sun mai da wurin makwarara.

Na huɗu ɗaure ta ne da waya, tunda ba ta kama bango da kanta, sai dai ta rataya da ƙaya. Sa safar hannu. Sauran bayanin ya jira, domin ina so mu yi maganar akuya.

Shukar nan daga Brazil ta fito. Sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville, aka laƙaba mata, wanda ya tashi kewaya duniya a 1766. Ta haye teku, ta jure zafin watan Afrilu, ta jure Gwaggo. Shekara biyu ina lallaɓa ta har ta leƙa kan katanga. Ranar wata Juma'a muka tafi masallaci, yaro ya bar ƙofa a buɗe. Na dawo na iske jar akuyar maƙwabci tsaye da ƙafa biyu, ta dafa bango, tana zarge sabon tofo da leɓe tsakanin ƙaya da ƙaya. Ko sukar ɗaya ba ta samu ba! Ta waiwayo ta dube ni, tana ci gaba da tauna.

Na je wajen maƙwabcin na yi sallama, ya ce, "Malam, sai haƙuri, dabba ce." Na san dabba ce. Turken fa? Igiyar fa?

Aski bayan fure, taki kaɗan, ban ma san a na nawa muke ba. Yanzu bulo takwas na jera a gindinta, na kewaye da ragar waya, ga sakata biyu a ƙofa. Jiya da asuba na ji ana tura ƙyauren da ƙaho.