Mu da Hotunanmu a Yankari

Jama'a, a faɗi gaskiya, duk wanda ya taɓa zuwa Yankari a cikinmu ya san abin da ke cikin wayarsa. A tashi da asuba, a bar Bauchi a nufi Alkaleri, kowa na rantsuwa yau sai ya ɗauko hoton giwa, amma tun a bakin ƙofa an tsayar da direba an jera a gindin allo, mai gyara hula na yi, mai gyara ɗauri na yi, "tsaya Yaya, ban shirya ba, sake ɗauka!" Ko gada ba a gani ba cajin waya ya yi rabi.

Dajin nan fa ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka keɓe shi, amma a hotonmu fuska ce ke cinye wuri, dajin bai samu ba sai ɗan ganye a bayan kunne.

Mai rakiya ya ce a yi shiru, da rani dabbobi na gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Nan fa kowa ya zama ɗan doka, "ku yi shiru mana!", "kai ma ai surutun kake!", har gwanki ya ɗaga kai ya ba wa ƙafa iska. Abin da ya rage sai wani ɗigo can nesa, a ja shi da yatsu biyu har ya dushe, a koma masauki ana gardama, wannan ya ce ɓauna ce, wancan ya ce wallahi suri ne. Hangen Dala dai ba shiga birni ba. Ranar da Allah Ya sa giwayen suka ratso hanya da 'ya'yansu kuwa, garken da irinsa kaɗan ya rage a Najeriya, sai ka ga baki sake, waya a hannu, an manta da dannawa, ana ta "Allahu Akbar" ƙasa-ƙasa. Ni wannan mantuwar tana burge ni ƙwarai.

A Wikki, inda ruwan ke da ɗumin digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin farin yashin ƙasansa, mu da ba mu iya iyo ba sai mu naɗe wando zuwa gwiwa, mu ɗaga waya sama. Ka ajiye ledar biredi don ka gyara tsayuwa, gwaggon biri ya sure ta ya haye bishiya, kuma bidiyon nan shi kaɗai ne ya fito tsaf a wayar kowa.

A dawo gida, Inna ta duba ta duba ta ce, "To ina giwar?" Maƙwabcin da ya gama yi mana dariya kuma sai ya ja ka gefe: "Ɗan'uwa, turo min na bakin ruwan nan ta WhatsApp, wanda babu fuskarka a ciki."