Masu Farautar Farfela

Akwai wasu bayin Allah a Ingila da nake so in tsaya wa, ko da yake ba su ɗauke ni lauya ba, kuma kowace hujja zan kawo sai ta fara kunyata su kafin ta wanke su. Su ne mutanen da kan yi sammako daga watan Mayu zuwa Oktoba, su saɓa kyamara mai dogon baki, da kujera mai naɗewa, da fulas ɗin shayi, da lema, wasu har da tsani, su nufi filin Duxford kusa da Kambrij ko Old Warden a lardin Bedfordshire, don kawai su ɗauki hoton jiragen sama da suka girmi iyayensu. Ni dai a ganina wannan sha'awa a kan rashin nasara aka gina ta, kuma rashin nasarar ne ke riƙe da tsofaffin jiragen nan a sama. Duk ranar da ɗayansu ya samu hoton da ransa ke so, zai rataye shi a falo ya daina zuwa, kuɗin ƙofarsa kuma ya daina shiga aljihun makanikai.

Mu fara da farfela, tunda ita ce babbar maƙiyiyarsu. Ɗauki Spitfire, jirgin yaƙin da R. J. Mitchell ya zana, wanda ya fara tashi ranar 5 ga Maris, 1936. Farfelarsa na juyawa fiye da sau 1,000 a minti ɗaya. Idan mai hoto ya sa idon kyamara ya ƙifta da sauri, a ce kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye, jirgin zai fito tas har ƙusoshin jikinsa, amma farfelar za ta tsaya cak kamar fankar ɗaki bayan an ɗauke wuta. A wajen masu abin wannan abin kunya ne, domin hoton na nuna jirgin da injinsa ya mutu yana shirin rikitowa. Sai ya rage saurin zuwa kashi ɗaya cikin 250, ko ma 125, don farfelar ta fito da'ira mai dishi-dishi. To amma yanzu duk motsin hannunsa sai ya shiga hoton, ga kyamarar da nauyi, ga jirgin na wucewa da gudun ɗaruruwan kilomita a awa. Dole ya kafa ƙafafu, ya riƙe numfashi, ya bi jirgin da ƙugu daga hagu zuwa dama yana harbawa ba ƙaƙƙautawa. Da daddare ya zauna gaban kwamfuta yana tacewa: wannan wutsiya ce kawai, wannan gajimare ne, wannan ƙeyar wani dattijo ce da ya miƙe a daidai lokacin, wannan kuwa ya fito da kyau amma tsuntsu ne. Ga shi kuma a Duxford jama'a na tsayawa a arewacin titin jirgin suna fuskantar kudu, don haka rana, in ta ga damar fitowa, a idonsu take yini, jirgi mai fenti kala-kala ya fito baƙi wuluk.

Wannan duk in jirgin ya tashi ke nan. A Old Warden, inda ake ajiye tarin jiragen Shuttleworth, akwai Blériot XI na shekarar 1909, jirgi mafi tsufa a duniya da har yanzu yake iya barin ƙasa, irin wanda Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi ranar 25 ga Yuli na shekarar. Katako ne da yadi da waya, da ɗan inji mai silinda uku. Iskar da za ta ɗaga hular mutum ta isa ta hana a fito da shi, saboda haka sai ƙarshen taro, can da yamma, in iska ta kwanta. Mutum ya yi tuƙin awanni, ya biya kuɗin shiga, ya yini yana kallon tutar auna iska yana addu'a ta saki jiki. In an yi dace, abin da zai gani shi ne jirgin ya ɗan ɗaga sama da ciyawa, ya miƙe ɗoɗar bisa titin, ya sauka kafin ya kai shinge. Wanda ya sunkuya canza batir a lokacin, sai dai ya ji tafi ya tambayi na kusa da shi me ya faru. In kuwa iska ta ƙi, sai a sanar ta lasifika cikin ladabi irin na Turawan Ingila, kowa ya naɗe kujerarsa yana cewa sai baɗi.

Wahalar ba ta tsaya ga iska ba. A watan Nuwamba na 2001, 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 masu irin wannan sha'awa suka je bikin sojan sama a sansanin Kalamata na ƙasar Girka. Jami'an tsaro suka ga mutane da littattafai cike da lambobin jiragen soja, suka kama su da zargin leƙen asiri. Sun shafe makonni a tsare, kotu ta same su da laifi a Afrilun 2002, sai a Nuwamban shekarar kotun gaba ta wanke waɗanda suka ɗaukaka ƙara daga cikinsu. Babban aikin da ke gaban lauyoyinsu shi ne su gamsar da alƙalai cewa akwai baligi mai hankali da zai kashe kuɗinsa ya tsallaka ƙasashe don ya rubuta lambar da ke jikin wutsiyar jirgi, ba tare da wata gwamnati ta biya shi ko sisi ba. Ban ga laifin alƙalan farko sosai ba. Ɗan leƙen asiri kowa ya san inda ya dosa, wannan kuwa sai an yi dogon bayani.

Mai suka zai ce, to me ya yi zafi? Hoton Spitfire ya cika intanet, waɗanda ƙwararru suka ɗauka daga cikin wani jirgin suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kyauta. Gaskiya ne, har ma zan ƙara masa da wata: a duk filin, mai kyamara ne kaɗai bai ga jirgin ba, domin ta ɗan rami ya leƙa shi, yaron da ke shan askirim a gefensa ya fi shi kallo. Sai dai sukar ta ɗauka hoto suka je nema. Abin da ke jan su shi ne ƙarar injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce, mai silinda 12 da lita 27, wadda mutum ke ji a ƙirji kafin kunne, da warin mai, da yadda matuƙi kan karkata jirgin ya nuna bayan fukafukansa ga jama'a na daƙiƙa biyu. Ba ko ɗaya a cikin waɗannan da ke shiga hoto. Kyamarar uzuri ce da magidanci ke riƙewa don kada a ce ya yini yana ɗaga kai sama bakinsa a buɗe.

Wani zai ce ai jiragen ma ba tsofaffi ba ne, kuma ya fi na farko hujja. Spitfire mai lamba P9374 ya faɗi a gaɓar Calais a watan Mayun 1940, yashi ya binne shi, sai a 1980 ya sake bayyana. Abin da ruwan gishiri ya bari bayan shekara 40 ba mai tashi ba ne, don haka kusan sabon jirgi aka ƙera aka ba shi tsohuwar lamba. Ya tashi a 2011, aka yi gwanjonsa a Landan a 2015 kan fam miliyan 3.1. Na yarda, mai hoto na rawar jiki ne a kan ƙarfen da ya girme shi a takarda kawai. Amma wannan sukar ni take taimako, don ta nuna abin da ake adanawa ilimi ne: yadda ake lanƙwasa fiffike, yadda ake kwance Merlin a mayar, yadda ake saukar da jirgi mai tayar wutsiya wanda dogon hancinsa ke tare wa matuƙi gaba. Jirgin da aka rataye a gidan tarihi ba ya buƙatar kowa ya iya waɗannan. Mai tashi kuwa yana cin kuɗi kowace awa, kuma wani kaso na kuɗin daga aljihun mutumin nan yake fitowa, wanda ya jiƙe sharkaf ya koma gida da hoton tsuntsu.

Sukar da ba a yi mata dariya ita ce ta haɗari. Ranar 22 ga Agusta, 2015, tsohon jirgin yaƙi Hawker Hunter ya faɗa kan babban titi a wajen taron wasan jirage na Shoreham, mutum 11 suka rasu, kuma duk a wajen filin suke. Hukumar sufurin sama ta Birtaniya ta tsaurara dokoki bayan haka, ta taƙaita wasan tsofaffin jirage masu injin jet a kan tudu, kuma daidai ta yi. Wanda ya ce kayan yaƙi ne ake yi wa tafi, shi ma bai yi ƙarya ba. Mu ma Yaƙin Duniya na Biyu ya bi ta kanmu: daga 1940 ana sauke jiragen Hurricane cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Alƙahira. Sai dai wanda ya ga ƙanƙantar mazaunin matuƙi da siririn ƙarfen da ya raba ɗan shekara 20 da harsashi, da wuya ya fito yana marmarin yaƙi.

A 2014 mutanen nan suka samu abin da ya kamata ya zama ranar cin nasararsu. Cikin jiragen yaƙi samfurin Lancaster 7,377 da aka ƙera, biyu kacal ke tashi, ɗaya a sansanin Coningsby na Ingila, ɗaya a Hamilton ta Kanada. Na Kanada ya tsallako tekun Atilantika, aka shirya na Ingila ya tarye shi a sama su shigo tare ranar 8 ga Agusta. Jama'a suka yi dafifi a bakin shinge da kyamarori, hadari ya haɗo, na Ingila bai ko tashi ba, baƙon ya sauka shi kaɗai cikin ruwa. Daga baya dai sun yi ta tashi tare, har zuwa ƙarshen watan, lokacin da ɗaya daga injinan baƙon huɗu ya lalace a arewacin Ingila, aka kwantar da shi kwanaki, sai da mai masaukinsa ya ara masa inji.