Git, Janareto da Bashin Surukin Alhaji

A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu, Maiduguri ta faɗa duhu. An gyara a Maris, ba a cika mako ba aka sake kayar da su. Azumi kuwa ya kama a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin garinmu yake haura digiri 40, har ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya tsallaka titi. A wannan yanayi nake rubuta wa wani Alhaji, dillalin banda a kasuwar kifi ta hanyar Baga, manhajar lissafin kwalaye da basussuka.

Aikin nawa a Git nake ajiye shi, wato manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin kowane sauyi. Kowane fayil sai ta matse shi, ta raɗa masa suna mai baƙaƙe da lambobi 40, ta jefa a wata ɓoyayyiyar folda. Ban sani ba ko Torvalds ya taɓa kwana da janareton da ke tari, amma ina shakka. Batirin kwamfutata ya daɗe da rasuwa, don haka ranta a hannun janareton shago yake. Ina tsaka da ajiye aikin ranar, yaron shago ya ga mai ya yi ƙasa, ya kashe don a rage na buɗe-baki.

Washegari Alhaji ya aiko a ɗauko ni a Keke Napep, alamar ba lafiya ba, domin bai taɓa biya mini kuɗin mota ba. Jimillar bashin da yake bi ta ragu cikin dare, kuma ba wanda ya kawo ko sisi.

"Malam, kai kaɗai ka san cikin abin nan," in ji shi, yana jan carbi da ƙarfin da ya fi na zikiri.

"Ranka ya daɗe, minti ɗaya ne. Akwai umarnin da ke nuna bambancin jiya da yau."

Na buga git diff ina murmushi. Ta ce wani fayil a ma'ajiyarta fanko ne, ta tsaya. Na buga git fsck, mai duba lafiyar ma'ajiya, ta jero mini gawarwaki. Abin da ya faru shi ne, an riga an rubuta sunayen fayilolin, amma wuta ta ɗauke kafin cikinsu ya sauka a faifai. Suna na nan, ciki babu.

Sai na tuna da kwafin shekaranjiya a filas. Filas ɗin yana hannun ɗan yayata a Gwange, ya ara zai zuba finafinan Kannywood. Aka tura yaro. Ya dawo bayan azahar, aikina na maƙale tsakanin finafinai kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Yanzu ga tsohon fayil, ga sabo, dukansu lafiya ƙalau. Git tana da hanyar gwada fayiloli biyu ba tare da leƙa tarihi ba, a ƙara mata --no-index kawai. Na ƙara. Ta ƙi. A lokacin da muke jiran yaron, janareto ya sake shiɗewa, ya tafi da fayil ɗin saitin ma'ajiyar, ita kuwa ba ta motsi sai ta karanta shi. A ganina wannan taurin kai ne tsantsa: me ya haɗa gwada takarda biyu da rumbun da ya rushe? Maganin dai sananne ne, ka bar foldar da ta lalace, ka ba da umarnin daga inda Git ba ta ganin rumbun nata.

Na ce a fili, "Ba yadda za a yi sai na fita waje."

Kafin in rufe baki, ƙarti biyu masu dakon kwali sun tare ƙofa. Ɗaya har ya ɗauke takalmana ya rungume.

"Ba inda za ka, Malam," in ji Alhaji. "Ga buta nan in alwala ce."

Na rantse, da bakin azumi, cewa fitar a cikin kwamfuta take. Ba wanda ya yarda, sai dai sun bar mini yatsuna. Na hau mataki ɗaya sama da foldar, na sake bugawa. Nan take allo ya kawo layi ɗaya ja, da alamar ragewa a gabansa: sunan ƙanin Hajiya uwargida, da bashin kwalayen da ya ɗiba tun kafin azumi. An share shi tsaf.

Shago ya yi tsit. Yaron shago, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce ai daren jiya Alhaji ya tafi da kwamfutar gida, Hajiya ta ce za ta kalli tafsiri.

Alhaji ya miƙo hannu ya rufe kwamfutar a hankali. "Wannan na'ura taka zafi ya taɓa ta," ya ce. Ya sa aka mayar mini da takalmana, aka ɗaure mini banda uku a leda, kuɗin Keke na komawa kuma ya ce in rubuta a cikin bashin da yake bina.