Kazar da Ta Ƙi Bin Littafi

A littafin kimiyya na firamare, rayuwar kaza zagaye ne mai kibiya huɗu: ƙwai, ɗan tsako, budurwar kaza, sai uwa ta sake saka ƙwai. Kwanci kuwa kwana 21 ne. Da wannan ilimi na sauka wata firamare kusa da Fadan Kagoma, a ƙaramar hukumar Jema'a, ni ɗan birnin Kaduna da ban san kaza ba sai a faranti.

Da damina ta faɗi, iyaye suka duƙufa a gonakin citta, ni kuma na rantse 'yan aji uku sai sun ga ƙyanƙyasa da idonsu. Na sami tsohuwar da nake haya a gidanta.

"Mama, ki ara mini kazar nan da ta fara kwanci jiya, har da ƙwanta."

"Ɗana, makaranta za ka sa ta?"

"Koyarwa za ta yi, Mama."

Ta yi dariya har da tafi, ta ce in ɗauke ta da dare, kada ta firgita ta ƙi gurbi.

Washegari kaza na cikin kwando a kusurwar aji, ni ina gaban allo ina zuba bayani. Na ce uwa na juya ƙwai da baki don ɗumi ya ratsa ko'ina, ɗumin da ya kusa digiri 38. Na ce ƙwan kiret da ake sayarwa a kasuwar Kafanchan ko shekara aka kwanta a kansa ba zai ƙyanƙyashe ba, domin kajin gidan gona ba su ga zakara ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, ƙwan nan fa..."

"Tambaya sai an gama darasi!"

Na zana gida 21 a allo, kullum yaro ɗaya ya soke ɗaya. Ranar cikawa na gayyato hedimasta da shugaban ƙungiyar iyayen yara. Hedimasta har kwat ya sa. Muka kewaye kwando, muka yi tsit. Kaza ta kalle mu, mu ma muka kalle ta.

Da shirun ya yi yawa, na sa hannu in ɗaga ta. Ta sakar mini sara a yatsa, ta yi fiffika ta dira kan tebur, ta sauke wa rajistar aji abin da ta daɗe tana tarawa. Wanda ya san kashin kaza mai kwanci ya san ba a zama kusa da shi. Shugaban iyaye ya fita da hula a hanci. Hedimasta ya ce, "Malam, baragurbi ka tara mu mu gani?"

Yara suka shiga ƙara gidaje a allo da kansu. Mama kuwa kullum amsarta ɗaya: "Haƙuri, ɗana."

Ranar kwana na 28 muka ji tsiyu-tsiyu. Sai ga wasu 'yan mitsi-mitsi masu zane a ka da jajayen ƙafafu, suna gudu ta ƙarƙashin benci, ina bin su da rarrafe.

"Malam, 'yan zabi ne," in ji yarinyar nan. "Tun ranar farko na so in faɗa."

Ashe duk ajin sun sani. Ƙwan zabi ya fi ƙanƙanta, ga tsini, ga ɗigo-ɗigo, ga ɓawo mai tauri. Zabuwa da damina take saka ƙwai a cikin ciyawa, kuma ba ta iya reno ba, shi ya sa ake ba kaza riƙo. Wani ya ce agwagwar gida sai kwana 35. Wata ta ce suna shafa wa 'yan tsaki launi don ruɗa shaho. Na zauna a benci, su suka riƙe alli. Rashin sani dai ya sa kaza ta kwana kan dami.

Don haka 'yan'uwana malamai, in ɗan ƙauye ya ɗaga hannu a darasin kaza, ku ba shi dama ya yi magana tun kafin ku gayyato hedimasta.