Suna Ya Sha Ado, Mai Nema Ya Sha Wuya

A Daura yanzu, saurayi bai cika saurayi ba sai sunansa na WhatsApp ya yi inuwa. Haruffa biyar ne kacal, amma an jera musu ░▒▓ gaba da baya, ga kambi a ka, ga fikafikai hagu da dama, sai ka rantse dokin hawan Sallar Gani ne aka fito da shi daga barga. Daga Sandamu zuwa Zango, daga Baure zuwa Mai'aduwa, gasar ɗaya ce: wa ya fi wani wahalar karantuwa.

Son ado a rubutu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Almajiri in ya sauke, allonsa zayyana yake sha. Masu fenti kuma sun daɗe suna yi wa haruffa inuwa a bayan manyan motoci da allunan shaguna. Sai dai su sukan bar rubutun yadda ko direban da ke gudu zai karanta.

Samarin ba su san tsufan kayan kwalliyar tasu ba. Waɗancan dabbare-dabbaren uku, ░▒▓, sun zo ne da kwamfutar IBM ta 1981, lokacin da allo bai iya nuna hoton kirki ba, ana amfani da su a yi wa akwatin rubutu inuwa. Haruffa masu kauri da lanƙwasa da suke rubuta sunayen da su kuwa, a 2001 tsarin Unicode ya shigar da su domin masana lissafi. Wato yaron da ya sha da ƙyar a lissafin WAEC, yau da alamomin farfesoshi yake rubuta wa budurwa "Barka da dare".

Matsalar ita ce kwamfuta ba ta ɗaukar su a matsayin haruffan yau da kullum. Ka rubuta sunan mutum a wurin bincike, sau da yawa waya ta ce ba ta san shi ba. Manhajar da ke karanta wa makafi rubutu takan tsallake su, ko ta dinga kiran sunan kowace alama. Tsohuwar waya kuma akwatuna zalla take nunawa, shi ya sa kawu ke garzayawa wurin mai gyara yana cewa, "Ɗana, duba min, ko aljanu sun shiga wayar nan."

Ga kuma ɓ da ɗ da ƙ. Masana lissafin ba su tanadar musu riga ba, don haka a tsakiyar suna mai walƙiya sai su fito tsirara. Mai suna Ɗanladi, da ya ga haka, sai ya cire lanƙwasar da Hausa ke buƙata, ya ƙara fikafikai biyu.