Yadda Za Ka Gina Manhajar Tace Bidiyo Ba Tare da Ka Tace Ko Minti Ɗaya Ba

Da farko dai, kada ka kuskura ka sauke wadda aka riga aka haɗa. Shotcut da Kdenlive da OpenShot duk kyauta ne, kuma kowace tana da shiryayyen ƙunshi na Windows da macOS da Linux, sai dai ka latsa ka fara aiki. Wannan hanyar ragwaye ce. Kai tushen manhajar za ka ɗauko ka gina da hannunka, ko da kuwa ango yana jiran bidiyon bikinsa tun watan jiya.

Sai batun kwamfuta. Masu Shotcut sun faɗa ƙarara cewa ana son RAM gigabait 4 don hoton SD, 8 don HD, 16 don 4K, kuma 4K ɗin na neman furosesa mai zuciya 8. Idan taka gigabait 4 ce, ka yi kamar ba da kai ake ba. Ɗura mata 4K. Fanka za ta yi ta gurnani, hoto ya riƙa tsalle, murya ta riga baki isa. Akwai magani: manhajar kan yi ƙaramin kwafin bidiyon ka yi yanka a kansa, sai a ƙarshe ta koma ga na asali. Kada ka kunna shi, tun da zai kawo sauƙi.

In kana son ƙarin wahala, zaɓi Flowblade ko Pitivi, waɗanda don Linux aka yi su, ka nace sai sun tashi a Windows.

Yanzu ga inda daɗin yake. Kdenlive ba ta tsayuwa da ƙafarta. Tana jingine da MLT, shi kuma MLT da FFmpeg yake karanta bidiyo, fuskarta aikin Qt ne da kayan KDE, ado da launi kuma sai an nemo frei0r. Abin kamar neman aure ne: ka je wurin uba ya ce sai ka ga kawu, kawu ya ce ai maganar tana hannun goggo, goggo kuwa ta yi tafiya. CMake, mai shirya ginin, zai ce bai ga wani abu ba. Ka girka shi. Ya sake cewa bai gan shi ba. Dalili kuwa, a Debian da Ubuntu abin da magini ke so yana cikin wani ƙunshi daban mai wutsiyar -dev, amma ka bari sai bayan sallar isha'i ka gano haka. Akwai umarni guda, apt build-dep, da zai kwaso mafi yawansu a tashi ɗaya. Ka nisance shi. Ɗaya bayan ɗaya ya fi gina hali.

Ka kuma tabbata tsohon jagora kake bi. Shotcut ta koma Qt 6 a 2023, Kdenlive ta bi baya a 2024, don haka rubutun zamanin Qt 5 zai ba ka jan rubutu cike da allo, wanda za ka iya nuna wa abokai su san ba wasa kake ba. OpenShot kuwa kashi uku ce: ɓangaren sauti, sai injin bidiyo, sannan fuskar da aka rubuta da Python, kuma a jere ake gina su. Fara daga na ƙarshe.

Kafin ka ba da umarnin gini, cire caja. Ginin kan cinye furosesa gaba ɗaya, batir kuwa yana son a gwada shi.

Idan ango ya kira karo na uku, har muryarsa ta sauya, rufe ƙofa ka sauke AppImage, shiryayyen ƙunshin Linux. Fayil ɗaya ne, ka ba shi izinin aiki ya buɗe. In an tambaye ka, ce kai ka gina. Babu mai dubawa.