Wa Ya Ci Makin Nan?

Mu dai a unguwarmu ba a barin mutum ya yi jarrabawa shi kaɗai, rashin zumunci ne. In ka ji an ce matar wane ta shiga karatun digiri ta intanet, to ka sani ba ita kaɗai ta shiga ba. Ƙaninta mai babbar waya ya shiga. Ɗan makwabta da ya gama bautar ƙasa yana zaman jiran aiki ya shiga. Mai shagon kwamfuta na bakin titi kuwa shi ne ɗan gaban aji, don shi a zango guda sai ya karanta lissafin kuɗi da aikin jarida da kimiyyar siyasa, duk a kan kujera ɗaya, kuma bai taɓa faɗuwa ba. Aikin gayya muka mai da abin, har da ɗan abin taɓawa ga waɗanda suka taya.

Yawancin masu wannan karatu a layinmu suna jami'ar karatu daga gida ne, wato NOUN, wasu kuma suna sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello. Ita NOUN ba yarinya ba ce. Gwamnatin Shagari ce ta kafa ta a 1983, sojoji suka zo suka dakatar da ita a 1984, sai 2002 Obasanjo ya farfaɗo da ita, daga baya ma shi da kansa ya shiga ya yi ɗalibta har ya karɓi digirin digirgir a 2018. Tsarinta a fili yake: maki 30 na aikin da ake kira TMA ne, wanda ɗalibi zai buɗe a wayarsa ko kwamfutarsa daga duk inda yake, ya zaɓi amsa, na'ura ta ba shi maki. Sauran 70 ɗin kuwa sai ya ɗauki ƙafa ya je cibiya, ya nuna katinsa, ya zauna a gaban masu sa ido. To wannan 30 ɗin ne namu. Wancan 70 ɗin, kowa tasa ta fisshe shi.

Tsohon hedimastan da muke zama a ƙofar gidansa bayan isha'i shi ne ya fi kowa jin haushin lamarin. Ranar da wani matashi ya zo yana nuna mana wayarsa, wai ya cinye 30 ɗin cas, sai Malam ya gyara tabarau ya karɓi wayar ya juya ta.

"Masha Allah. Wane darasi ne?"

"Tattalin arziki, Baba."

"To madalla. Me ke sa farashi ya tashi in kaya sun yi ƙaranci?"

Yaro ya sosa ƙeya ya ce ai wannan ba ta fito ba.

"A ina ba ta fito ba? A jarrabawar ko a kanka?"

Aka yi ta dariya, har da shi yaron, don ya san Malam ba da mugunta yake yi ba. Bayan ya tafi ne Malam ya yi mana lissafin da ke damunsa. Ya ce in makin tsira 40 ne, kuma an miƙo maka 30 tun kana kwance a ɗakinka, saura nawa? Goma. Goma cikin saba'in. Ya ce ko canki-canka mutum ya yi, da wuya Allah bai ba shi goma ba. "Shi ya sa," in ji shi, "in kuka ga sakamako, kada ku dubi jimla. Ku dubi tazarar da ke tsakanin makin gida da makin zaure. Nan gaskiyar take."

Ni ban yarda da masu cewa intanet ce ta kawo mana satar amsa ba. Tambayoyin WAEC sun fita tun 1977, lokacin ko wayar girke ba kowane attajiri ke da ita ba. Mun san 'yar takarda a cikin safa, mun san rubutu a cinya da bayan rula, mun san makarantun bayan gari da ake kai yara musamman don a ci. Abin da ya canza shi ne da can mai yi yana ɓoyewa, gabansa na faɗuwa. Yanzu a tsakar gida ake yi, ana shan shayi, ana jefa amsoshi a zauren WhatsApp, wanda ya fara samu kuma a yi masa addu'ar Allah ya saka da alheri. Ba ma kiran abin sata. Taimako muke ce masa. Kuma in ka ƙi taya 'yar'uwarka, gobe a gidan biki za ka ji labarinka: ya yi boko ya zama mugu.

A yi adalci kuma, su wa ke wannan karatun? Ɗan sanda ne da ke tsaye a titi tun asuba. Ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare. Malamin firamare ne mai NCE da ya shekara goma a mataki ɗaya, an ce masa ba ƙarin girma sai da digiri. Matar aure ce da aka cire daga makaranta aka ce za ta ci gaba a ɗakinta, ga shi sai yanzu da 'ya'ya huɗu hanya ta samu. Akwai wata a layinmu, Anti muke ce mata, wadda ba ta bari kowa ya taɓa mata aiki. Sai yara sun yi barci take shimfiɗa littattafan da ta buga a takarda, don karatu a waya yana sa mata ciwon ido, ta yi ta ja musu layi da jan biro. Takan samu 19, wani lokaci 22. Ƙawayenta masu 30 suna yi mata tsiya wai tana wahalar da kanta a banza. Sai an fito daga zauren jarrabawa a ga wa ke share hawaye. Abin da ke ba ni takaici shi ne a takarda ita ce ta baya a makin gida, kuma ba wata na'ura da za ta gaya maka cewa 19 ɗinta ya fi 30 ɗinsu nauyi.

Akwai wani malamin kwaleji da ke haya a gidan kusurwa, yaro ne mai son aikinsa. Tun lokacin korona, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka koma ba yara darasi ta rediyo da talabijin, jarrabawar WAEC ma sai a watan Agusta aka fara ta, shi ya shiga koyar da wani kwas ta intanet, kuma har yau bai daina ba. Shi muke tasawa a gaba da tambaya, shi kuma ya yi ta ba mu labarin dabarun da ya gwada.

Ya ce da farko ya hautsina tambayoyi, ta ɗayan wani ta zama ta tara a wajen wani. Kwana biyu yara suka gano, suka koma tura tambaya da amsarta gaba ɗaya maimakon lamba. Sai ya rage lokaci, minti goma sha biyar shafi ya rufe. Nan ya ga rashin adalci ƙiri-ƙiri: mai amsa a hannu ya gama cikin minti uku, wanda yake karantawa da gaske kuma yana wani ƙauye sabis na zuwa yana ɗaukewa, ya hau kan katanga yana ɗaga waya sama, lokaci ya ƙare yana tambaya ta shida. Sai ya ce to kowa ya kunna kyamara.

"Yallaɓai, ka manta inda kake," in ji mai shayi.

"Wallahi na manta. Washegari mazaje biyu suka kira ni, wai da izinin wa zan leƙa musu ɗaki."

Ban da wannan ma, ya ce, ɗaki ɗaya ne mutum shida, yaro na kuka, an ɗauke wuta, ga kuɗin data da kyamara ke sha. Kuma mai son yi zai yi: waya ɗaya na kallon fuskarsa, ɗaya na kan cinyarsa, ƙaninsa na tsugune a bayan ƙofa yana raɗa.

Sai ya bar zaɓi-ka-cika ya koma ba da rubutu mai tsawo. Wannan ya ɗan yi aiki, don wanda ya kwafo daga intanet akwai manhajar da ke tona shi, irin su Turnitin. Ana cikin haka ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, a 2024 kuma Meta AI ya shigo cikin WhatsApp ɗin kowa ba tare da an gayyace shi ba. Daga nan, in ji shi, ɗalibin da ba ya iya rubuta masa saƙon neman uzuri ba tare da kuskure biyar ba, sai ga shi ya kawo shafi huɗu da Turancin da shi malamin ma sai ya duba ƙamus.

Hedimasta ya ce ai JAMB ma da kwamfuta take yi tun 2015, tambaya 180 cikin awa biyu, kuma ba a jin irin wannan. Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba kwamfutar ce ke gadi ba. Sai ka dangwala yatsa kafin ka shiga, an caje ka, an raba ka da waya da agogo, ga mutum a tsaye a kanka. Ka ɗauke waɗannan ka bar yaro da kwamfutar a ɗakin uwarsa ka ga."

Abin dariyar shi ne matan unguwa sun riga mu gano bakin zaren, ba su kuma yi taron ƙara wa juna sani ba. Akwai malamar Islamiyya da ke karɓar hadda ta WhatsApp, yawanci matan aure ne da ba sa samun fita. Da farko cewa ta yi kowa ta turo karatunta a saƙon murya. Karatu ya yi ta zuwa sumul, ba gyara ko ɗaya. Hajiyar gidanmu da bakinta ta gaya min yadda ake yi: ka ɗauka, ka yi tuntuɓe, ka goge, ka sake, har sai ya fita tas, Mus'hafi kuma yana buɗe a gefe don ko ta kwana. Malama ta yi shiru ta ƙyale su wata guda. Rannan sai ta fara kira kai tsaye, ba sanarwa. "Hajiya, ina wuni? Ɗauko min daga aya kaza." Ana jin ƙarar buɗe shafi sai ta ce, "A'a Hajiya, rufe, ina ji." Hajiya ta ce gumin da ta yi ranar ko a ɗakin haihuwa ba ta yi shi ba. Amma yanzu izu biyu ne a kanta daram, kuma ko cikin barci ka tashe ta za ta kawo.

Ba sabon abu malamar ta ƙirƙiro ba. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam ya biya. A musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, alƙali ne zai jawo maka aya daga inda ya ga dama ya ce ci gaba, duniya na kallo. Mu da muka tashi a haka, a zuciyarmu ba mu taɓa yarda mutum ya san abu ba sai mun ji daga bakinsa. Takardar dai muna so, muna kuma yi mata walima, amma in za mu ba mutum ajiyar shago ko mu kai masa mara lafiya, ba makin waya muke tambaya ba.

Malamin kwalejin ma can ya ƙare. Yanzu aikin da yake bayarwa na ƙafa ne: je ka kasuwar Dawanau ko wadda ta fi kusa da kai, ka bi farashin buhun masara na mako biyu, ka zauna da dillali ɗaya ka ji me ya ce ya motsa shi, ka turo hoton littafin da ka rubuta da hannunka. Bayan an kawo sai ya kira ɗalibi na minti biyar. "A shafi na uku ka ce kuɗin mota ne ya ɗaga farashi. Wa ya gaya maka? Nawa ne daga ina zuwa ina?" Ya ce wanda ya je, kafin ka rufe baki ya fara zuba, har sai ka tsayar da shi. Wanda bai je ba kuwa nan take sabis ɗinsa ke lalacewa.

Matsalar ita ce yawa. Shi ɗalibansa ba su kai ɗari ba, kuma duk da haka sai ya kashe ƙarshen mako biyu yana kira, da katin wayarsa. Jami'ar da ke da dubun-dubatar ɗalibai a faɗin ƙasa fa, wa zai kira wa? Shi ya sa na fahimci masu riƙe 70 a zaure, ban kuma ga ranar da za su sake shi ba. Da ni ake shawara ma, da makin gida ba zai shiga lissafi ba sai mutum ya kawo wani abin kirki a zaure.

Wanda wannan sabon salo ya fi taɓawa shi ne mai shagon kwamfuta. Shekaranjiya ya zo shan shayi yana ƙorafi. Ya ce da can aiki ɗaya ne, ka rubuta, ka buga, ka miƙa, a biya ka. Yanzu kwastoma sai ya dawo a guje ya ce an ce za a kira shi a yi masa tambayoyi, don Allah a zauna a fahimtar da shi abin da ke cikin aikin nasa.

"Sai in zaunar da mutum awa biyu, Baba, ina masa bayani shafi-shafi, in tambaye shi, ya kasa, in sake. Wani sai ya zo sau uku kafin ya iya."

Hedimasta ya ajiye kofinsa. "Ɗan nan, ka san sunan wannan aikin da kake yi kuwa?"

"Ko ma mene ne sunansa, Baba, na ƙara masa kuɗi. Rubutu daban, fahimtarwa daban. Kuma wanda bai zo da biro da littafi ba, ba na fara masa."